Daga Hsinchu Zuwa Arizona: Tarihin Hannun Gwamnati a Sana'ar Cip

A safiyar 7 ga Fabrairun 1974, mutum bakwai suka zauna karin kumallo a wani ɗan shagon sayar da madarar waken soya a birnin Taipei. Cikinsu akwai ministan tattalin arzikin Taiwan, Sun Yun-suan, da wani injiniya ɗan asalin ƙasar Sin mai suna Pan Wen-yuan, wanda ya daɗe yana aikin bincike a kamfanin RCA na Amurka. Pan ya kawo shawarar cewa Taiwan ta koyi ƙera cip, wato ɗan guntun silikon nan da ke zama ƙwaƙwalwar na'urorin lantarki. Ya ce aikin zai ci kamar dala miliyan 10 da shekara huɗu. Ministan ya amince.

Ba wadata ce ta kai su wannan shawara ba. Tallafin tattalin arziki da Amurka ke bai wa tsibirin ya tsaya tun 1965. A 1971 kujerarsu ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta koma hannun gwamnatin Beijing, ƙasashe kuma suka yi ta janye jakadunsu ɗaya bayan ɗaya. Sai ga tashin farashin mai na 1973, a ƙasar da ba ta haƙo mai. Abin da Taiwan ke sayarwa duniya a lokacin bai wuce yadi da kayan roba da lema da kayan wasan yara ba, sai kuma harhaɗa rediyo da talabijin na kamfanonin ƙetare, waɗanda suka zo saboda arhar ma'aikata. Su Sun Yun-suan sun san cewa ranar da aka samu inda ya fi su arha, waɗannan kamfanoni za su tattara nasu-ya-nasu.

Sana'ar da suke son shiga, a Amurka aka haife ta, kuma ko a can ɗin gwamnati ce ta yi renonta. Jack Kilby na kamfanin Texas Instruments a 1958, da Robert Noyce na Fairchild a 1959, su suka gano yadda za a cusa sassan lantarki da yawa a kan guntu ɗaya. Amma a farkon shekarun 1960 abin ya yi tsadar da babu ɗan kasuwar da zai sa shi cikin kayansa. Masu saye biyu ne suka riƙe masana'antar: rundunar sojin sama, da ke buƙatar cip don saita makamin Minuteman, da hukumar NASA, da ke gina kwamfutar kumbon Apollo. Suna saye da yawa, suna biya ba ciniki, har kamfanonin suka ƙware, farashi ya sauko, 'yan kasuwa suka iya shigowa. Ana yawan ba da labarin yankin Silicon Valley kamar wasu samari ne suka gina shi daga gareji. Akwai gaskiya a ciki, sai dai baitulmali ne ya biya kuɗin makarantar.

Taiwan ba ta da kumbo ba ta da makami mai linzami, don haka ta bi wata hanyar. Tun 1973 Sun Yun-suan ya kafa cibiyar binciken fasahar masana'antu, ITRI, a garin Hsinchu. A 1976 cibiyar ta ƙulla yarjejeniya da RCA don sayen fasahar ƙera cip. Fasahar ba sabuwa ba ce, manyan kamfanoni sun riga sun wuce ta, kuma a gida an yi ta sukar cewa an zuba kuɗin jama'a a tsohon yayi. Abin da masu sukar ba su auna ba shi ne sauran abin da ke cikin yarjejeniyar. RCA ta yarda ta karɓi matasan injiniyoyin Taiwan a masana'antunta, ta koya musu zane da ƙira da gwaji, har da lissafin kuɗin gudanar da masana'anta. Rukunin farko na mutum 19 ya tashi a wannan shekarar.

Da suka dawo, suka kafa ƙaramar masana'antar gwaji a ITRI, wadda ta fara aiki a 1977. A wannan sana'a akwai ma'auni guda da ke raba riba da asara. Ana buga ɗaruruwan cip a kan faifan silikon ɗaya, kuma ƙura ɗaya da ido ba ya gani ta isa ta lalata guda. Wanda ya fi fitar da lafiyayyu daga kowane faifai shi ne zai rayu. Cikin 'yan watanni, yawan lafiyayyun da ke fita a Hsinchu ya zarce na masana'antar RCA da aka yi koyi a cikinta. Kayan da suke yi ba na a-zo-a-gani ba ne, cip ne na agogon hannu na lantarki, amma suna sayuwa.

A nan ne gwamnatin ta yi abin da gwamnatoci ba su cika yi ba: ta saki. A 1980 aka ciro ma'aikata da fasaha daga ITRI aka kafa kamfanin UMC, aka kuma buɗe unguwar masana'antun kimiyya ta Hsinchu, kusa da jami'o'in Tsing Hua da Chiao Tung, da rangwamen haraji da filaye da gidaje don jawo 'yan ƙasar da ke aiki a Amurka su dawo. Waɗancan matasa da aka tura RCA su suka zama shugabannin masana'antar na shekara talatin masu zuwa. Ɗaya daga cikinsu, Tsai Ming-kai, shi ya jagoranci kamfanin MediaTek da ya ɓalle daga UMC a 1997. Duk mai riƙe da wayar Tecno ko Infinix a Kano ko Maraɗi, akwai yiwuwar cip ɗin MediaTek ne ke tuƙa ta.

A daidai lokacin da Taiwan ke rarrafe, Japan gudu take yi. A 1976 ma'aikatar cinikayya da masana'antu ta ƙasar, MITI, ta tara kamfanoni biyar da ba sa ga-maciji a kasuwa, wato Fujitsu da Hitachi da Mitsubishi da NEC da Toshiba, ta sa injiniyoyinsu a ɗakin bincike ɗaya na shekara huɗu. Aikin ya ci kamar yen biliyan 70, gwamnati ta ba da kusan biliyan 30. Ga kuma bankunan Japan na ba kamfanonin bashi mai sauƙi. Kafin tsakiyar shekarun 1980 Japanawa sun mamaye kasuwar cip na ajiyar bayanai, da kaya masu inganci da arha. A 1985 Intel, kamfanin da ya fara sayar da irin wannan cip a duniya, ya haƙura ya fita daga kasuwar.

Amurka ta fusata. Gwamnatin Ronald Reagan, wadda ta fi kowace yawan wa'azin a bar kasuwa ta yi halinta, ita ce ta tilasta wa Japan yarjejeniyar 1986, wadda ta hana sayar da cip ƙasa da kuɗin ƙera shi, ta kuma ɗora burin kamfanonin waje su samu kashi 20 cikin ɗari na kasuwar Japan. A 1987 Reagan ya aza harajin kashi ɗari bisa ɗari a kan kayan lantarkin Japan na dala miliyan 300. A shekarar ce wasu 'yan majalisar Amurka suka fito harabar majalisa da guduma suka farfasa rediyon Toshiba a gaban 'yan jarida, saboda wani reshen kamfanin ya sayar wa Tarayyar Sobiyet injinan da aka haramta. Kuma a shekarar dai aka kafa Sematech, haɗin gwiwar kamfanoni 14 da ma'aikatar tsaro ke ba dala miliyan 100 duk shekara, daga baya aka ɗora Robert Noyce a kai. Wato Amurka ta kwafi abin da take zagin MITI a kansa.

Wanda ya ci ribar faɗan ba ya cikin masu faɗan. Da yarjejeniyar ta ɗaga farashin kayan Japan, Samsung ta Koriya ta Kudu, wadda ta tsunduma sana'ar a 1983 da goyon bayan gwamnati da bankunanta, ta samu ƙofa. A farkon shekarun 1990 ta zama ta ɗaya a duniya a cip na ajiya, Japan kuwa ta kama gangara, har Elpida, ɗaya daga manyan kamfanoninta a wannan fanni, ya durƙushe a 2012.

Ana cikin wannan hayaniya Taiwan ta yi babban kamunta. Li Kwoh-ting, tsohon minista da ake kira uban bunƙasar fasahar ƙasar, yana cikin waɗanda suka daɗe suna zawarcin wani mutum mai suna Morris Chang. An haife shi a Ningbo a 1931, ya yi ƙuruciya yana gudun yaƙi daga gari zuwa gari, ya yi karatu a Harvard da MIT, ya kuma yi shekara 25 a Texas Instruments har ya shugabanci duk sashen cip na kamfanin. Kujerar ƙoli ce bai samu ba. A 1985, yana da shekara 54, ya karɓi shugabancin ITRI, a tsibirin da bai taɓa zama ba. Ba a jima ba Li ya kira shi ya ce gwamnati na son babban kamfanin cip, ya kawo tsari.

Chang ya duba abin da Taiwan ke da shi ba tare da yaudarar kai ba. Ba ta iya bincike mai zurfi ba, ba ta ƙware a zanen cip ba, ba ta da suna a kasuwa. Abu ɗaya ta iya, ƙira mai tsabta. A wancan zamani kowane kamfani shi ke zana cip ɗinsa, ya ƙera a masana'antarsa, ya sayar da sunansa. Chang ya ce a gina kamfanin da ba zai zana komai ba, ba zai sayar da komai da sunansa ba, aikinsa kawai ya ƙera wa wasu. Kamar mai injin niƙa ne a unguwa: ba ya noma, ba ya sayar da gari, kowa ya kawo hatsinsa a niƙa masa, kuma da yake ba ya gasa da kowa, kowa na iya amince masa.

Masu kuɗi ba su ga hikimar ba. An tuntuɓi Intel da Texas Instruments, suka ce a kai kasuwa. Philips ta ƙasar Holan ce kaɗai ta shigo, da kusan kashi 28 cikin ɗari na jarin, tare da lasisin fasaharta. Asusun raya ƙasa na gwamnati ya zuba kashi 48. Ragowar kuwa daga attajiran Taiwan aka tara, masu roba da yadi da sinadarai, waɗanda jami'an gwamnati suka yi ta bugo wa waya har suka ga cewa ƙin sa hannu ba zai yi musu kyau ba. Haka aka kafa TSMC a 1987, a ginin da aka yi haya daga ITRI, da ma'aikatan da aka kwaso daga ITRI.

Shekarun farko tsintar ragowar aiki kamfanin ya yi. Amma tsarin ya haifar da wasu irin kamfanoni da da ba za su iya rayuwa ba: 'yan injiniyoyi masu basirar zane waɗanda ba su da ɗaruruwan miliyoyin gina masana'anta. Nvidia da Qualcomm da Broadcom duk a wannan inuwar suka girma. Shugaban kamfanin cip na AMD a lokacin, Jerry Sanders, ya yi suna da gorin cewa cikakken namiji shi ne mai masana'antarsa. A 2009 AMD ɗin ta rabu da masana'antunta, aka mai da su GlobalFoundries da kuɗin Abu Dhabi, kuma a 2018 wannan kamfani ya sanar cewa ya daina tseren ƙera cip mafi ƙanƙanta. Tsada ce ke korar mutane. Sabuwar masana'anta ta zamani na iya cin dala biliyan 20, injin buga zanen cip da haske guda ɗaya na kamfanin ASML na Holan, wanda babu mai yin irinsa a duniya, ya haura dala miliyan 150. Wanda ke yi wa ɗaruruwan kamfanoni aiki ne kaɗai zai iya cika irin wannan masana'anta. Da Apple ta fara kai cip na iPhone wurin TSMC a 2014, tazarar ta ƙara faɗi. Yau kusan kashi 90 cikin ɗari na cip mafi ci gaba daga wannan kamfani suke fitowa, kason asusun gwamnati kuwa ya ragu zuwa kusan kashi 6.

Amurka ba ta damu ba, domin zane da manhaja da mafi tsokar riba suna hannunta. Kasonta na ƙera cip a duniya ya sauko daga kashi 37 a 1990 zuwa kusan 12, kuma shekara da shekaru ana ɗaukar haka a matsayin wayo.

Ƙasar Sin ce ta fara tayar da hankali. Kuɗin da take kashewa wajen shigo da cip ya kai ga zarce na ɗanyen mai, kuma shugabanninta sun ga hatsarin. A 2014 suka kafa babban asusu na kusan yuwan biliyan 139, a 2019 suka ƙara wani na biliyan 204, a 2024 na uku na biliyan 344. Shirin da suka fitar a 2015 ya ɗora burin ƙera kashi 70 na buƙatar ƙasar a gida kafin 2025. Kuɗi ya yi yawa, sai ya jawo ƙudaje. A Wuhan, wani kamfani mai suna Hongxin ya yi alƙawarin jarin biliyoyin dala, ya ɗauko tsohon babban jami'in TSMC, ya ci kuɗin ƙaramar hukuma, ya rushe bai sayar da komai ba. Tsinghua Unigroup, da ya yi ta sayen kamfanoni da bashi, ya shiga fatara a 2021. A 2022 aka kama shugaban babban asusun kansa, Ding Wenwu, ana bincikensa. Burin kashi 70 bai ko kusa cika ba. Duk da haka kuskure ne a yi wa shirin dariya. Bayan Amurka ta sa kamfanin Huawei na Sin a jerin waɗanda ta ƙaƙaba wa takunkumi a 2019, ta yanke shi daga TSMC a 2020, ta kuma hana sayar wa Sin manyan injina a Oktoban 2022, sai ga Huawei a Agustan 2023 da sabuwar waya mai ɗauke da cip na zamani da kamfanin SMIC ya ƙera a Shanghai.

Abin da ya kai maganar kunnen talaka shi ne annobar korona. A farkon 2020 kamfanonin mota suka soke odar cip suna zaton kasuwa ta mutu. Masu kwamfuta da waya suka kwashe gurbinsu, tunda duniya ta koma aiki da karatu daga gida. Da kasuwar mota ta farfaɗo, babu wuri. Sai masifu suka jeru a 2021: sanyi ya kashe wutar masana'antun Texas a Fabrairu, gobara ta tashi a masana'antar Renesas ta Japan a Maris, fari mafi muni cikin rabin ƙarni ya afka wa Taiwan, har aka tsayar da ban-ruwan gonakin shinkafa ana kai wa masana'antu ruwa a tanka. Dubban motocin Ford da General Motors suka yi ta zaman jira a filaye, an gama su sai ɗan cip na 'yan daloli. Ministan tattalin arzikin Jamus, Peter Altmaier, ya rubuta wa takwararsa ta Taiwan wasiƙa yana roƙon a taimaka, daga ƙasar da ba ta ma amince da Taiwan a matsayin ƙasa ba.

Daga nan aka buɗe bakin jaka. A 9 ga Agustan 2022 Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta ware dala biliyan 52.7, biliyan 39 daga ciki tallafin gina masana'antu, ga rangwamen haraji na kashi 25 a kan jari. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2023 da shirin yuro biliyan 43 da burin riƙe kashi 20 na kasuwar duniya kafin 2030. Indiya ta ware dala biliyan 10. Japan ta biya yen biliyan 476 don TSMC ta gina masana'anta a Kumamoto, ta kuma tallafa wa sabon kamfani, Rapidus, ya gina tasa a Hokkaido.

Sakamakon ya bambanta. Masana'antar Kumamoto ta buɗe a Fabrairun 2024 ba tare da wani jinkiri ba, domin Japan, ko da ta rasa kasuwa, ba ta rasa injiniyoyi da masu ƙera sinadarai da injina ba. A Jamus an yi wa Intel alƙawarin kusan yuro biliyan 10 don masana'anta a Magdeburg, aka ɗage aikin a 2024, aka soke shi a 2025. A Arizona, TSMC ta fara da alƙawarin dala biliyan 12 a 2020, ta kai shi 65 a 2024 tare da tallafin biliyan 6.6, amma ta jinkirta buɗe masana'antar farko tana kukan ƙarancin ƙwararrun ma'aikata, ta kuma yi sa-in-sa da ƙungiyoyin ƙwadago kan shigo da masu aiki daga Taiwan. Ɗaruruwan injiniyoyin Amurka aka tura birnin Tainan su koyi aikin, hanyar da matasan 1976 suka bi, amma a juye. Morris Chang, wanda ya yi ritaya a 2018, bai ɓoye shakkarsa ba. Ya sha faɗin cewa ƙera cip a Amurka ya fi na Taiwan tsada da rabi, kuma a bikin Arizona na Disamban 2022 ya gaya wa mahalarta, har da Biden, cewa cinikayya maras shinge ta kusa mutuwa.

Bambancin da ke tsakanin tallafin jiya da na yau a fili yake. Taiwan ta kashe kuɗi kaɗan a kan mutane, ta yi shekara goma sha uku daga karin kumallon Taipei zuwa kafa TSMC, ta kuma ƙara wasu ashirin kafin kamfanin ya kai sahun gaba, shekarun farkon kuwa duk a ƙarƙashin jami'an da yawancinsu injiniyoyi ne kuma ba zaɓe ke gabansu ba, tunda mulkin jam'iyya ɗaya ake yi da dokar soja har 1987. Gwamnatocin yau kuwa gini suke saye, ginannen abu, cikin wa'adin mulki ɗaya, kuma mafi yawan kuɗin yana tafiya ne ga kamfanonin da suka riga suka ƙoshi. Abin da suke nema shi ne kada rikici a mashigin ruwan Taiwan ya tsayar musu da motoci da makamai, kuma wannan inshora ce, mai tsada da gangan.

Donald Trump ya dawo mulki yana kushe dokar 2022, yana cewa barazanar haraji ta fi tallafi aiki. A Maris na 2025 TSMC ta sanar da ƙarin dala biliyan 100 a Amurka. A Agustan shekarar, gwamnatinsa ta mai da tallafin da aka yi wa Intel alƙawari ya zama hannun jari, ta karɓi kusan kashi 10 cikin ɗari na kamfanin a kan dala biliyan 8.9. Da haka gwamnatin Amurka ta riƙe kaso a Intel da ya fi wanda asusun gwamnatin Taiwan ke da shi a TSMC.

Taiwan kuma ba ta naɗe hannu ba. A can mutane da yawa na ganin TSMC a matsayin garkuwar da ke sa manyan ƙasashe damuwa da makomar tsibirin, kuma kowace masana'anta da aka gina a waje tana rage kaurin garkuwar. A farkon 2023 majalisar ƙasar ta amince da rangwamen haraji na kashi 25 a kan kuɗin binciken kamfanonin da ke sahun gaba, jami'anta kuma suna nanata cewa fasaha mafi sabunta a gida za ta zauna. Masana'antar Arizona ta fara fitar da cip mai ma'aunin nanomita 4. Na nanomita 2 kuwa, wanda ya fi shi sabunta, a Hsinchu da Kaohsiung aka gina masana'antunsa na farko.